Yamai ko Tawa? Yadda ake zaɓen jami'a bayan an ci bak

Ranar da sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, bayan guɗa ta lafa ƴan barka sun watse, ɗan ƙanwata ya iske ni a zaure ina jiran shayi ya nuna. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, ni fa Yamai za ni."

Na ce, "Madalla. Me za ka karanta?"

Ya sosa ƙeya. "Duk abin da aka ba ni."

"Gidan wa za ka sauka?"

"Inna ta ce akwai ɗan baffanta a Talaje."

"Ka san tafiyar da ke tsakanin Talaje da jami'a?"

Har shayin ya tafasa ya zubo kan gawayi bai amsa ba.

Ban ga laifinsa ba, don ni ma da irin wannan kai na bar Tawa. Sai dai a zamaninmu babu wani zaɓi. Wanda ya ci bak, in ba waje aka tura shi ba, ko kuwa ɗan larabci ne da zai nufi Jami'ar Musulunci ta Sayi, to Yamai ce. An buɗe jami'ar Yamai a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin rana haifaffen Tasawa. Sai a 2008 aka buɗe makarantun IUT, na koyon sana'a bayan bak, a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 aka kafa jami'o'i a garuruwan uku, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Tamu ta Tawa sunan Djibo Hamani gare ta, malamin tarihin da ya yi wa Adar da Abzin aiki. Ga zaɓi ya samu, amma har gobe yaranmu gari suke zaɓa kafin su zaɓi karatu. Ga yadda nake bi da duk wanda ya zo min da wannan magana, kuma jerin na da muhimmanci, kada a fara daga wutsiya.

Na farko: fanni kafin gari

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku da za ka iya zama kansu shekara uku ba tare da an tsaya maka da bulala ba. Lisans shekara uku ce, masta biyu, DUT, wato takardar IUT, biyu, likita kuwa ka ƙirga bakwai zuwa sama. Sannan ka dubi bak ɗinka, A ne ko C ko D ko G, ka dubi makin da ka samu a darussan da fannin ya tsayu kansu. Wanda lissafi ya sha ba shi kashi tun daga lise kada ya ce tattalin arziki zai karanta don ya ga ƴan banki da farar riga. Lissafin na can bakin ƙofa yana jiransa.

Yanzu nemi inda ake koyar da kowanne. A nan rabin gardamar ke mutuwa. Mai son likita, hanyarsa Yamai ce, ko Maraɗi, ko Damagaram. Mai son harsuna ko tarihi ko labarin ƙasa, akwai babban sashensu a Yamai. Mai son aikin ma'adinai ya dubi makarantar EMIG ta Yamai ko ya dubi Agadas. A Tawa ana karanta shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, ilimin koyarwa da aikin noma, ga kuma IUT mai koyar da harkar kasuwanci da tafiyar da kamfani. In abin da kake so babu shi a Tawa, shi ke nan, tsallaka zuwa maganar masauki. In akwai shi a wuri biyun, kai ne mai zaɓi na gaskiya, kuma kai ne ya fi kamata ka karanta sauran a hankali.

Wani abu da ya kamata a cire wa yara daga kai: takardar jami'ar gwamnati, ta Tawa ce ko ta Yamai, ƙofa ɗaya take buɗewa ranar konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Ba a ƙara wa kowa maki don ya sha ruwan kogi.

Na biyu: ina za ka kwana?

Wannan shi ne matakin da ake ɗauka da wasa, shi ne kuma ya fi kayar da ɗalibai.

Jami'ar Yamai tana Harobanda, ƙetaren kogi, mafi yawan birnin kuwa yana ɗaya gefen. Gada uku ke haɗa su: ta Kennedy tun 1970, ta biyu ta 2011, ta uku ta 2021. Wanda ya sauka Talaje ko Bukoki ko Lazare ko can wajen filin jirgi, kullum safiya sai ya ratsa gari ya ƙetare ruwa. Ka tsaya bakin titi ka ɗaga hannu, taksi ya rage tafiya, ka leƙa ka ce "Harobanda", direba ya girgiza kai ya wuce don ba hanyar mutanen da ya ɗauko ba ce. Na biyu ma haka. Ko ka jira faba-faba, ƙaramar motar haya, ta cika. Darasin ƙarfe takwas, wanda bai bar gida tun da duku-duku ba, a bakin taga zai ɗauke shi. Saboda haka in an ce maka akwai dangi a Yamai, tambayarka ta farko ita ce, wace unguwa?

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, bari in ba ka tawa. Na sauka gidan wani ɗan'uwan babanmu, mutumin kirki, bai taɓa ƙirga min loma ba. Amma ni ne mai kai yara lekol, ni ne mai sayo gas, ni ne mai bin layin biyan kuɗin wuta, ni ne mai tarbo baƙi a tasha. Ana cewa, "A aiki wane, ai ɗalibi ne, ba ya da aiki." Ɗakin da aka ba ni shi ne ɗakin baƙi. Duk wanda ya taso daga Adar, mai jinya ne ko mai jiran motar Abijan, tare muke kwana, kuma ba ka ce wa dattijo ya yi shiru da hira don gobe kana da jarrabawa. Wani dare na fita da kundina ƙarƙashin fitilar titi, sauro ya yi min rubdugu, na dawo na iske wani baƙon ya miƙe kan katifata yana minshari. Shekarar sai da na koma zagaye na biyu na jarrabawa a darasi uku. Ba wanda ya zalunce ni. Gidan ne kawai ba na karatu ba.

Dabarar ita ce, kada a tambayi mai gida. Shi kunya za ta sa ya ce, "Haba, ai gidansu ne, ya zo." A sa innarka ta kira matar gida, su yi maganarsu ta mata. Ita ta san tabarma nawa ake shimfiɗawa da dare, ta san tiya nawa ake aunawa. In ka ji ta ce "to, Allah ya kawo shi lafiya" a sanyaye, ka fahimta.

Sai site, wato ɗakunan kwana na jami'a, tare da resto inda ake cin abinci da tikiti mai rahusa. Shi ne mafi sauƙi ga aljihu, kuma ga aji kusa, amma masu nema sun fi gadaje yawa. Kada ka sa shi cikin lissafinka sai ka ga sunanka a jeri. Tun kafin ka tashi daga gida ka nemi lambar shugabannin ƙungiyar ɗaliban garinku da ke can. Su ne ke tarbar sabon zuwa, su nuna masa ofishin da zai bi, wani lokaci su matsa masa wuri a ɗakinsu kafin ya samu nasa.

In haya ce, ku haɗu biyu ko uku ku nemi ɗaki a gefen jami'a, irin su Lamorde, Karaje, Kirkisoy ko Nogare. Ka dubi gindin bango da kyau kafin ka ba da kuɗi. A 2020 kogin ya cika ya shiga unguwannin wannan gefe, kuma ruwa yakan bar alamarsa ko an shafa fenti. Ka tambayi yadda ake raba kuɗin wuta in mita ɗaya ce, don maƙwabci mai firji biyu zai so a raba daidai da kai mai ƙwai ɗaya da fanka. Ka tambayi wata nawa ake biya gaba.

Tawa fa? Gari ne da keke ko ƴar moto ke gama maka shi, in babu ga kabu-kabu. Ɗan Keita ko Buza ko Ilela ko Madawa ko Ƙonni yana iya zuwa gida ƙarshen mako, kuma buhun hatsinsa na iya biyo motar kasuwar Lahadi. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma ɗan cikin gari da zai zauna gidansu, abin da ya same ni a Yamai shi zai same shi a ɗakin uwarsa: tsaron shago, kai abinci gona, suna, ɗaurin aure, zaman makoki, sannan ga ƴan fada na jiransa da butar shayi kamar bai ci bak ba. In za ka zauna gida, ka zauna da Baba tun kafin a koma karatu ku yanke: daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba ka nan, ko da kana nan.

Na uku: lissafi na wata goma sha biyu

Raba takarda biyu, Yamai gefe, Tawa gefe. Rubuta kuɗin rajista, ɗaki, abinci, mota, fotokopi, kuɗin intanet, sabulu, magani, da zuwa gida. Ka lissafa shekara cikakkiya, don haya ba ta san hutu ba, kuma yajin aiki, na malamai ne ko na ɗalibai, yakan ja shekarar karatu ta zarce inda aka zata.

Kuɗin mota shi ne ɓeran da ke cinye rumbu ba a ji ba. A ce dala ɗari kake kashewa a rana, zuwa da dawowa. Kwana 24 a wata, jikka 12 ke nan. Wata goma, jikka 120. Ɗakin kyauta a unguwa mai nisa yana iya fin haya kusa da aji tsada. Zuwa gida ma abin lissafi ne: wajen kilomita 550 ne tsakanin Yamai da Tawa, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Tsarnawa, yini guda cur cikin bas. Salla biyu da babban hutu, ga rasuwa da ba ta sallama.

Burs kuwa, wato tallafin kuɗin karatu na gwamnati, hukumar ANAB ce ke kula da ita, kuma ba kowa ake ba ba, akwai sharuɗɗa. Ka je ka karanta su da idonka, ka ajiye takardunka kan lokaci. Ko ka samu, yi lissafinka kamar babu ita, don ranar da za ta shigo da ranar da mai haya zai ƙwanƙwasa ƙofa ba lalle su zo ɗaya ba.

A ƙasan takardar ka rubuta sunan wanda zai riƙa aiko da kuɗin. Suna nake nufi, ba "dangi" ba. In yayanka ne da ke Abijan ko Libiya, kira shi ka ce, "Yaya, nawa za ka iya duk wata, ko da ciniki ya yi sanyi?" Abin da ya faɗa ka rage kashi ɗaya cikin uku, saura shi ne naka. Aikawa ba wuya yanzu, ga Nita ga Amana. Abin aikawar ne magana.

Nan dole in ba Yamai haƙƙinta. Ɗalibi mai ƙoƙari yana iya samun yaran da zai koyar da yamma a gidajen ma'aikata, ko ƴan awoyi a makaranta mai zaman kanta, ya riƙe kansa. A Tawa ma akwai, amma kasuwar ba ta kai ba. Sai dai kada ka dogara da wannan a shekarar farko, lokacin da ko hanyar kasuwar Katako ba ka gama sani ba.

Na huɗu: ka san halinka

A manyan sassa, shekarar farko taro ne. Amfi, wato babban zauren lacca, cike, malami can gaba da makirfo, masu zuwa da wuri sun aza littafi sun kama wa abokansu wuri. Ba mai kiran suna, ba mai zuwa gida ya ce yau ba a gan ka ba. Yaron da ke tashi da kansa ya yi bita, wannan ƴanci zai yi masa daɗi, ga ɗakunan karatu, ga laccoci, ga mutane daga kowace kusurwa ta ƙasa, har ya tsinci Zabarmanci a banza. Yaron da sai an tsaya kansa kuwa, birni zai haɗiye shi ba tare da kowa ya ji ƙara ba. A Tawa ido ya fi yawa. Malaminka na iya zama abokin sallar babanka. Wani wannan ne ke tsare shi, wani kuma shi ne ke shaƙe shi. Kai ka san ko wanne ne kai, kada ka yi wa kanka ƙarya.

Wani abin dubawa a jami'o'in jihohi shi ne malamai masu zuwa daga wani wuri. Malami ya sauka, ya zuba darasin wata da watanni cikin ƴan kwanaki, safe da yamma, ya koma. Wanda zazzaɓi ya kwantar a wannan mako ya yi asarar darasi sukutum. Ka tambaya darasi nawa ne a fanninka ake yi haka.

In ɗiya mace ce, duk abin da na faɗa kan gidan dangi ki ninka shi biyu, don tukunya da wanki da goyo ke za a miƙa wa. Sau da yawa site ko haya tare da ƴan'uwa mata masu kamun kai ta fi gidan goggo amfani ga karatu. Kuma iyaye su faɗi gaskiya tun farko: in akwai maganar aure a ƙasa, a san garin da mijin yake kafin a yi rajista, kada a cire ta a shekara ta biyu.

Na biyar: hango shekara ta uku

Ranar neman sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, na zuwa. Yamai ce ke da ma'aikatun minista, hedikwatocin bankuna, manyan kotuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, can ne kuma aka fi jin labarin konkur da wuri. Amma ƙofar da ka ƙwanƙwasa, mutum nawa suka riga ka? A Tawa akwai ofisoshin jiha, kotu, rassan bankuna, da kamfanin siminti na Malbaza. Ɗalibin noma kuwa ajinsa na bakin ƙofa: albasar Galmi, gonakin ban ruwa na Ƙonni, aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, tafkin Tabalak. Kuma a nan akwai wanda ya san babanka da zai ɗaga waya.

Ra'ayina, ba na ɓoye shi: yaro mai matsakaicin ƙarfi, wanda gidansu ba su da faɗi, kuma fanninsa na Tawa, ya yi lisans a nan, ya nemi masta a Yamai in ya girma ya san ciwon kansa. Wanda ke da masauki na kirki a Harobanda da mai riƙe shi, ya tafi, kada ya waiwaya.

Na shida: gani ya kori ji

In da hali, je ka ga wurin kafin ka sa hannu. Tashi daga gidan da za ka sauka da safe ranar aiki, ka je har ƙofar aji, ka duba agogo, ka ƙirga abin da ka kashe. Nemi ɗalibin shekara ta biyu, don na farko bai gama gane wurin ba, wanda ya gama kuwa ya manta wahalar. Tambaye shi: yaushe shekarar bara ta fara, yaushe ta ƙare? Ku nawa kuka shiga, ku nawa kuka wuce? Ina kuke karatu in wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu? In ka samu wanda ya maimaita aji, saya masa shayi ka saurare shi. Ya fi kowa sanin inda ramin yake.

Na bakwai: takardu

Shaidar cin bak, takardar maki, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, da ƙananan hotuna. Ka yi kofi da yawa, ka kai meri ko komisariya a buga musu hatimi. Duba sunanka da ranar haihuwa harafi-harafi a kowace takarda, don Mahamadou a nan, Mamadou a can, yana iya tsayar da kai mako biyu, kuma gyaran a garinku ya fi sauƙi. Na asali ka sa su cikin leda ka adana, ka ɗauki hotonsu a waya. In an ba ka damar rubuta zaɓi fiye da ɗaya, kada ka cika na biyu da gatse, yana iya zama shi za a ba ka. Ranar rufe karɓar takardu kuwa, daga allon sanarwar jami'a ko shafinta za ka ɗauko ta, kada ka ɗauko ta a bakin ƴan fada.

Sai ka ɗauki takardar lissafinka ka kai wa Baba, bayan sallar isha, ba a gaban baƙi ba.

Ɗan ƙanwata ya bi matakan nan, yana gunaguni. Innarsa ta kira matar gidan Talaje, suka gaisa, suka yi hirar damina, can matar ta ce su goma sha ɗaya ne a gidan, ban da mai jinya. Ya ajiye takardunsa a sashen gudanarwa na Tawa, babansa ya gyara masa tsohuwar moto. Makon jiya ya biyo ta zaure da kundi a hammata, ya gaishe ni a tsaye don ya makara, har ya kai ƙofa ya juyo.

"Kawu, amma masta ɗin Yamai zan yi."

Na ce, "Kawo min makin wannan zango tukuna."